Man Kaɗanyar Kaka

A gidanmu na Djougou, jika ba ya gaishe da Kaka da baki sai ta gane shi da hannu. Tun da idanunta suka tafi aka fara wannan wasa, har ya zama doka. Ka yi sallamarka can ƙofar gida, ƙasa-ƙasa yadda ba za ta ji ba, ka tuɓe takalmi, ka zo ka durƙusa gaban tabarmarta ka yi gum. Ɗaya daga cikin matan gida za ta ce, "Kaka, kin yi baƙo." Sai ta miƙo hannu biyu ta kama fuskarka, ta bi goshi, ta bi hanci, ta sauko haɓa, sannan ta faɗi ko kai wane ne, ta haɗa da laifin da ka yi mata bara. Mu jikokinta mun haura ashirin, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Da wannan take taƙama. Takan ce Allah ya karɓi biyu ya bar mata goma.

Ni dai ban taɓa ba ta wahala ba. Yatsunta na sauka a goshina za ta ce, "Ga maigidana mai fuskar bayan kwaɗo." Gida ya ɗauki dariya, ni ma in yi, don tsakanin kaka da jika babu fushi. Amma in na koma Parakou na tsaya gaban madubi, dariyar ba ta biyo ni.

Ina shekara goma sha biyar ƙurajen suka fara. Aka ce na balaga ne, za su wuce. Abokaina duk suka yi nasu suka gama, nawa suka samu wuri suka baje. Har na shiga jami'a, ina karatu da safe ina tuƙa zem, wato babur ɗin haya, da yamma, suna nan: ƙanana a goshi, masu baƙin kai a hanci, manya masu zafi a gefen muƙamuƙi. Wani babba ya taɓa fito mini a ƙarƙashin haɓa ta hagu, daidai inda igiyar hular kwano take zama. Na tsaya a bakin titi na juyo madubin babur na matse shi da ƙarfin tsiya har na ga jini. Ya warke ya bar rami. Da na je Djougou, Kaka ta sa ɗan yatsa a ciki ta ce, "Maigida, rijiya ka haƙa mana? To Allah ya sa a samu ruwa."

Kowa a gidanmu na Parakou yana da nasa ilimin a kan fuskata. Inna ta ce gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, ta hana ni su, na yi shekara ina kallon ƙannena suna ci. Baba ya ce zafin jini ne, aure ne maganinsa, sai dai bai ce ga matar ba. Yayata ta ce rashin wanka ne, alhali ni na fi kowa ƙarar da ruwa a gidan. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ɗan zem yake sha. Fasinja yana bayanka, bakinsa na daidai kunnenka, ba ka da hanyar gudu. Daga kasuwar Arzèkè zuwa tasha an rubuta mini magani ya fi a ƙirga. Sabulun salo, lemun tsami, toka, man goge haƙori, farar ƙasa, duk na shafa. Wata mai sayar da kayan shafa ta ba ni wani ɗan bututun mai, ta rantse mini da 'ya'yanta. Sati biyu fuskata ta lafa har na fara tafiya da taƙama. A sati na huɗu ƙurajen suka dawo da danginsu, ga kumatuna sun yi wani fari-fari kamar ba nawa ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai man Kaka, wanda ban taɓa fashinsa ba.

Kafin ta makance, Kaka 'yar kasuwa ce, goro take saro tana sayarwa, kuma ita ke riƙe da tukunyar gida. Da ido ya tafi, 'ya'yanta suka riƙa karɓe mata aiki ɗaya bayan ɗaya, don ƙauna. Aka raba ta da kasuwa, aka raba ta da murhu, aka raba ta da wuƙa. Abu ɗaya ta ƙi saki: bugun man kaɗanya. Mata daga ƙauyukan Sérou ke kawo ƙwarar, 'yan gida su daka su soya su kai niƙa, amma in an zo wurin bugu sai a ajiye mata babbar ƙwarya tsakanin ƙafafu. Ta zura hannu har gwiwar hannu, tana bugawa tana cewa a ƙara ruwa, a dakata, a ƙara, har farin man ya taso sama. Da yatsa da kunne take sanin ya yi. Duk motar da za ta zo Parakou, akwai ƙoƙo a ciki an rufe da ganye, kuma nawa ya fi na kowa girma, don ni ne mai lalura. Saƙon ba ya canzawa: a gaya wa maigida ya shafa safe da yamma, kada ya yi wa fuskarsa rowa.

Ban yi mata rowa ba. Nakan lafta shi har in yi ƙyalli, in ɗora hular kwano a kai, in ɗaure igiya, in shiga ranar Parakou.

Wata Laraba na ɗauki wata mata a bakin Arzèkè, da ledar doya a cinya, ta ce in kai ta asibiti. Ranar na riga na ƙoshi da shawara. Da ta sauka sai ta tsaya tana kallon fuskata, na san abin da ke tafe.

Ta ce, "Ɗan'uwa, me kake shafa wa wannan fuska?"

Na ce, "Madam, don Allah ki yi haƙuri. Ke ce ta bakwai yau."

Ta yi dariya har ledar doyar ta kusa faɗuwa. Ta ce, "Bon. Sauran shidan su ma likitocin fata ne? Ka same ni a asibitin nan Talata da safe, ka zo da duk abin da kake shafawa. Duka, kada ka ɓoye ko ɗaya."

Kunya ta sa na kusa ƙin zuwa. Amma ranar Talata na je, da jaka guda. Ta jera kayana a kan tebur tana ɗagawa ɗaya-ɗaya kamar kwastan. Da ta zo kan ɗan bututun nan sai fara'arta ta ɗauke. Ta ce akwai sinadari a cikinsa mai kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma yana sirantar da fata, yana dusar da launi, kuma shi da kansa yana haifar da ƙuraje. Ta jefa shi a kwandon shara ba ta ko tambaye ni ba.

Sannan ta ɗauki takarda ta zana mini. Ta ce a fata akwai ƙananan ƙofofi inda gashi ke fitowa, kowace da 'yar jakar maiƙo a gindinta. Daga lokacin balaga jiki yakan ƙara yawan maiƙon, wasu kaɗan, wasu da yawa, kuma abin yana bin jini. Maiƙo ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofa. In bakin a buɗe yake sai ya yi baƙi, kuma wannan baƙin ba dauɗa ba ne, iska ce ta taɓa shi. In a rufe yake, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatar kowa su samu abinci su yi yawa, wurin ya kumbura ya yi mugunya. In ka matsa, rabi ya fito rabi ya fashe ta ciki, shi ne tabo.

Na ce, "To gyaɗa fa?"

Ta ce, "Ci abinka. Ka dai rage zaƙi da lemun kwalba, wasu yana tayar musu."

Na ce, "Aure fa? Baba ya ce shi ne maganin."

Ta ce, "Ina da masu 'ya'ya huɗu da ke zuwa nan. Ka gaya wa Baba ya nemi wani dalilin."

A ƙarshe ta ɗauki ƙoƙon Kaka. Ta buɗe ganyen, ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannunta. Ta ce rabon da ta ga mai kyau irin wannan tun tana yarinya. Har na fara jin daɗi, sai ta ce, "Amma ba na fuskarka ba ne. Ba shi ya kawo ƙurajen ba, kada ka ɗora masa laifi. Sai dai fatarka tana da nata man har ya yi mata yawa, kai kuma kana ƙara mata mai kauri, ka rufe da hular kwano, ka yi gumi, igiya tana goga. Dubi inda suka fi yawa." Ta nuna goshi da muƙamuƙi, daidai zanen hular. Ta ce in shafa a ƙafa, a hannu, a ko'ina, ban da fuska. Kuma in riƙa wanke soson cikin hular da igiyarta, abin da tun da na saye ta ban taɓa yi ba.

Ta rubuta mini abu uku. Wani mai na safe mai kashe ƙwayoyin cutar, wani na kwanciya barci mai buɗe ƙofofin, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga fuska duka, da ƙwayoyin sha na wata uku, a sha da abinci da ruwa cike da kofi, kada a kwanta nan take. Ta ce in wanke fuska sau biyu kawai da sabulu mai laushi, in daina dirza. Ta ce zan ga bushewa da ɓawo, wataƙila ma su ƙaru a farko, kuma kada in zo mata da ƙorafi kafin wata biyu. In duk wannan bai yi ba, akwai wata ƙwaya mai ƙarfi, amma ita sai da gwajin jini da sa ido, kuma mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ba ta kusantarta ko kaɗan.

Abin da ta faɗa na manta shi ne man safen yana cin launin tufafi. A sati ɗaya na ɓata tawul ɗin Inna, rigar matashina ta yi dabbare-dabbare, wuyan rigar aikina ya koɗe. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa ganin maganin da ke warkar da tawul kafin mai shi ba. Fuskata ta yi ta saɓa, rana ta riƙa cizona fiye da da, har na koma ɗaura ƙyalle a ƙarƙashin hula ina shafa man kariyar rana da ta ce in saya. A sati na uku na tsaya gaban madubi na ce wannan mata ta gama da ni. Yayata ce ta hana ni zubar da su. Ta ce na yi wa toka haƙurin wata shida, ban iya yi wa likita na wata biyu ba?

Wajen sati na bakwai na lura ina wanke fuska ba na jin zafi. A wata na uku fasinjoji suka daina ba ni shawara, suka koma zancen tsadar man fetur kamar yadda ake yi da kowane ɗan zem. Ba zan ɓoye ba, na yi murna ƙwarai, har nakan tsaya a madubin babur ba don komai ba.

Sai dai ƙoƙuna suna ta zuwa daga Djougou, suna taruwa a ɗakin Inna. Wata huɗu ban taka garin ba. Yau jarrabawa, gobe babur ya lalace. Kaka ta sa gwaggona ta ɗauki muryarta a waya ta aiko mini: "Maigida ya yi yaji ne? In ma wata ka samu, ka zo ka sake ni da mutunci." Na saurara ina dariya. Ban san yadda zan gaya wa tsohuwar da aka karɓe wa komai cewa abu ɗayan da ya rage a hannunta an ce in ajiye shi ba.

Babbar Sallah ta zo, ba sauran uzuri. Yayata ta kawo dabara: in mun kusa shiga gari in shafa man, Kaka ta ji ƙamshinsa, in mun fito in wanke. Ai shafa ɗaya ba za ta kashe ni ba. Haka aka yi. Muna hango masallatan Djougou na sa hannu a ƙoƙo na yi wa fuskata irin laftun da, har direba ya waiwayo ya dube ni.

Muka shiga. Yayata ta fara durƙusawa, Kaka ta gane ta tun daga kunne, ta tuna mata zanen da ta ara ba ta mayar ba. Aka yi dariya. Na matsa na durƙusa. Gwaggo ta ce, "Kaka, kin yi wani baƙon."

Hannuwanta suka sauka a goshina. Suka tsaya. Suka gangara kumatu, suka koma goshi, suka sake gangarowa. Na ji yatsunta suna neman abin da suka saba samu. Ta ce, "Ɗan wurin autana ne?" Ta sake shafawa, a hankali wannan karon. "To na garin Kandi ne, mai karatun allo da?" Wata yarinya ta fara dariya, uwarta ta harare ta.

Kaka ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya. Ta riƙa murza babban yatsa a kan sauran, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ko suna nan. Sannan ta ce, ba da muryar wasa ba, "To. Su ma sun fara tafiya ke nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na zo da ƙarya don kada in ɓata mata rai a kan mai, ga shi ina neman sa ta yarda hannunta ya mutu. Na karya doka na yi magana.

Na ce, "Kaka, ni ne. Hannunki lafiya lau. Fuskar ce ta canza."

Na kama yatsanta na kai shi ƙarƙashin haɓata ta hagu. Ya faɗa cikin ramin. Ta danna, ta sake dannawa, sai na ga kafaɗunta sun sauko.

Ta ce, "Rijiyata." Sannan ta ce, "Ina ka kai mini sauran?"

Na gaya mata duka, tun daga matar mai ledar doya har zuwa tawul ɗin Inna. Na gaya mata likita ta yaba man, ta ce ba shi ne ya kawo ciwon ba, amma ta hana ni sa shi a fuska, kuma wata huɗu ke nan ban sa ba. Na faɗa ina kallon tabarma, duk da na san ba ta ganina.

Ta ce, "Wannan ai na sani tun da na taɓa ka. Man da aka shafa a mota daban, wanda fata ta sha daban. Yana zaune a sama kamar baƙo. Shi ya ƙara rikita ni, na ce wane ne wannan mai satar man mutane." Ta kama kunnena ta murɗa, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. "Shekara bakwai ina bugun mai ina roƙon Allah ya raba ka da abin nan. Ya raba ka da shi, sai ka ɓoye mini? Ni na ce lalle sai ta hannuna?"

Na ce, "Na ji tsoron kada ki ji haushi."

Ta ce, "Na ji mana. Kishiya ce aka yi mini, kuma ta fi ni iya aiki. Kawo hannunka."

Na miƙa. Ta shafa tafin, ta ji kantar da riƙon babur ya yi mini, ta sa aka ɗago ƙafata ta ji faso a dunduniya. Ta yi tsaki mai tsawo, irin na wanda ya samu abin da yake nema. Ta ce wato ita likitar fuska kawai ta sani, ta bar mata miji yana yawo da ƙafa kamar ta ɗan noma. Nan take ta raba mu: daga wuya zuwa sama na likita, daga wuya zuwa ƙasa nata. Ta sa aka kawo ruwa da sabulu na wanke fuskata a gabanta, sannan ta sake bin ta da yatsu tun daga farko, a nutse, tana haddace sabuwar.

Da za mu koma ta ba ni ƙoƙo biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na likita, da saƙon cewa mai tsayuwa kan marasa lafiya duk yini ba ta rasa faso.

Na kai mata ranar da na koma a duba ni. Ta karɓa da hannu biyu tana dariya. Ta duba fuskata a gaban taga, ta ce ƙwayoyin sha sun gama aikinsu, in ci gaba da man kwanciya don kada su dawo, baƙaƙen tabban kuma za su dushe da kansu in na kiyaye rana. Sannan ta ɗaga haɓata ta ce wannan ramin ne kawai ba zai cike da kansa ba, amma akwai ɗan aikin da ake yi masa, in ina so ta tura ni wurin da ake yi.

Na ce ta bar shi, akwai mai amfani da shi.